Farin ƙwan ɗakin Baba

Bazara ce, kuma a shekarar nan zafi ya faɗo Wurno da wuri. Fadama ta bushe tun ba a gama kwashe albasa ba, wadda anka kwashe kuma ta riƙa laushi a cikin rudu, rumbun da ake aje ta. Mutane duk sun gaji, magana kaɗan sai ta zama faɗa. Wutar lantarki ma ta shiga wani hali. A ɗauke ta yini guda, in an kawo ta dab da magariba sai ta zo rabi, fanka na juyawa kamar mai ciwon baya, ƙwan ɗakina ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ni dai abin da ya riƙe mini zuciya a shekarar shi ne auren ɗiyata ta fari. Wani tela ne daga Achida ke neman ta, shina son ta tana son shi, iyayensa sun zo gaisuwa, saura a sa rana.

A gidanmu akwai surukina, uban maigidana, wanda kowa ke kira Baba. Idanunsa sun daɗe da rufewa. Ɗakinsa na kusa da zaure, mai 'yar taga ɗaya, ko da rana da duhu-duhu. Abokin zamansa rediyo ne mai batir, shina rataye a ƙusa daidai kansa, kullum a kan gajeren zango. Ɗiyata ke kai masa tuwon dare bayan magariba, tun tana ƙarama ita ya yarda da hannunta. Kuma da yake lokacin kunama ne, na hore ta da cewa kada ta aje kwano sai ta kunna fitila ta duba tabarma da gefen katifa. Makunnin na bayan labule. Tana shiga hannunta ke zuwa wurin, tana fita ta kashe, don Baba ba ya buƙatar haske.

Sai yayar maigidana. Ni Yaya nake ce mata, yara na ce mata Goggo. Mijinta ya rasu a Goronyo, ta dawo unguwarmu ta zauna, gida uku tsakaninmu. Ta so ɗanta na Sakkwato ya auri ɗiyata, yarinya ta ce shi kamar wanta yake a wurinta, ba ta iyawa, ubanta kuma bai matsa mata ba. Yaya ta yi dariya ta ce ba komai, aure nufin Allah ne. Ni na yarda da dariyar.

Farkon zafin nan ɗan nata ya aiko mata da ƙwayayen lantarki sabon yayi, farare tas, masu gindin roba. Ta ɗauko ɗaya ta zo da shi gidanmu tana ɗaga shi sama.

"Ubana ba shi zama da jan ƙwai kamar akurkin kaji," in ji ta. "Ku da ke gidan ba ku da ido?"

Ta sa anka cire tsohon, anka ɗaura nata. Baba na masallaci a lokacin, ba wanda ya ga dalilin gaya wa makaho an sauya masa fitila.

Bayan wannan ne Baba ya fara ƙorafi. Bai gaya mini ba, ɗiyarsa Yaya ya gaya wa, ina daga bakin murhu ina ji.

"Yarinyag ga, mi ka damunta? Duk sa'ad da ta shigo sai rediyo shi kama kuwwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. In ta hita shi yi tsit."

"Kullum, Baba?"

"Ba kullum ba. Wata rana lahiya lau. Amma ga kowa ba shi yi, sai gare ta."

Yaya ta ce, "Inna lillahi." Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Wai ɗiyata akwai masu bin ta, mutanen ɓoye, har ƙarfe na jin su. Ranar da rediyo bai yi kuka ba, wai sun tafi yawo ne. Yaya ba ta taɓa cewa ga abin da ke akwai ba, ita dai a gidan suna ko wurin ɗibar ruwa sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a taya su da addu'a, jininta ce, ba ta son a ji. In an tambaye ta mi ne ne, ta ce a je a tambayi Baba, shi dattijo ba shi ƙarya. Kuma gaskiya ne, Baba ba ya ƙarya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarinyar ta yarda. Ta ce mini, "Inna, daga tsakar gida ina jin mai labarai garau. Ina sa ƙafa sai abin ya tashi." Ta daina cin abinci sosai. A makarantar Islamiyya ƙawayenta sunka riƙa jan tabarma suna matsawa. Masu sayen wainar da take soyawa da safe sunka koma wani gida, ƙullu ya riƙa tsami a roba. Yaya ta kawo rubutun sha da wani turare mai hayaƙi, ta lulluɓe ta da zane a kan kasko, yarinya na tari hawaye na zuba, ita kuma tana cewa, "Kun gani? Ba su son shi." Ina tsaye ina kallo. Maigidana ya ce in yi haƙuri, yayarsa ce, taimako take yi. Sannan saƙo ya zo daga Achida cewa a ɗan dakata da sa rana, wai sai an ga yadda damina za ta kama.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Tun ina amarya ake ce mini mai sanyi, in an taka ni sai in matsa. Amma ranar da na ga ɗiyata ta naɗe zanen da telan ya ɗinka mata ta tura ƙasan akwati, wani abu ya zauna mini a ƙirji, mai nauyi, mai sanyi. Ban yi kuka ba. Na ce a raina, wadda ta sa ɗiyata ta ji tsoron jikinta, sai ta ji irin wannan tsoron a nata jikin, ko da zan shekara ina jira.

Abin da na fara lura da shi ƙarami ne. Ranakun da Baba ke cewa lafiya lau, su ne ranakun da muke cin tuwo da tocila. Na bar abin a raina ina bi, har na tabbata ba ya saɓawa: in babu wuta babu kuka. Wata magariba da anka kawo wuta, anka ja Baba zuwa masallacin ƙofar gida, na shiga ɗakinsa ni kaɗai. Na murɗa rediyon. Wani mutum na magana a kan farashin taki, muryarsa garau. Na kai hannu bayan labule na danna makunni. Haske ya cika ɗakin, rediyon ya kece da wani ƙara, zzzz, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Na kashe, mai taki ya dawo. Na kunna, ya ɓace. Na tsaya a wurin na yi ta kunnawa ina kashewa kamar yarinya, har na ji an sallame salla.

Ban tsaya nan ba, don ina son in san ko duk fitila haka take. Washegari na ɗauki rediyon maigidana na zaga gidan da shi. A ƙarƙashin jan ƙwan ɗakina, mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu, ko tari bai yi ba. Dogon ƙwan nan na zaure, mai ƙyafta ido kafin ya kama, ya sa shi ɗan ƙwar-ƙwar yayin da yake fama, in wuta ba ƙarfi ma ba ya kamawa sam. Mai naɗi kamar igiya da ke ɗakin girki ya sa shi gunaguni sai in na matso da shi kusa. Amma na Yaya, tun daga bakin ƙofa yake shaƙe murya, kuma ranar da wuta ta zo rabi ya fi hauka, hasken na rawa, ƙaran na rawa tare da shi.

Na je wurin malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, wadda ta koya mini riƙe alƙalami ina da 'ya'ya huɗu. Kirista ce daga Zuru, ta daɗe a garinmu har Hausarta ta koma tamu. Na ba ta labari ban ambaci sunan kowa ba, ko da yake ta riga ta ji. Ta ce ita ba ta san zurfin abin ba, amma abin da ta sani, irin waɗannan fararen akwai wani ɗan inji a gindinsu mai yanka wuta gutsi-gutsi da sauri. Masu kyau an yi musu abin da ke tsare hayaniyar, na arha kuwa ba a yi ba, sai ta bi waya ta bi iska, rediyo ya kama ta kamar tasha. Ta ce ita ma ta taɓa jefar da ɗaya saboda haka.

"Ki tai ki gaya musu yau ɗin nan, Maman yara," ta ce. "Ko in zo ni in faɗa?"

Na ce a'a, ta bar mini.

Ɗiyata kaɗai na nuna wa. Na kai ta ɗakin, na ɗora yatsanta a kan makunni na ce ta danna. Ta danna, ta kashe, ta sake dannawa. Sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da ta ɗago ta ce za ta fita ta gaya wa kowa. Na riƙe hannunta. Na ce in mun faɗa da baki, za a ce uwa ce ke rufa wa ɗiyarta asiri, Goggonki kuma za ta ce ai su masu wayo ne, sun koma cikin fitila. Da kunne mutane sunka ji, da kunne za su warware. Na ce daga yau ta bar kai tuwon, ni zan riƙa kaiwa da tocila, ta ci abinci ta yi kitso ta jira ni. Yaya da ta ji yarinya ta daina shiga ɗakin sai ta ce wa mata, to, ko uwar ta gane.

Mun jira har hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Sannan anka aiko cewa goggon telan za ta zo daga Achida ta gaishe da Baba. Kowa ya san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Ta iso bayan la'asar, doguwar mace mai carbi a hannu, idonta na kallon komai bakinta na murmushi. Yaya ta riga ta zo ta shimfiɗa tabarma kamar gidanta, ta kuma jawo maƙwabta biyu, wai su taya karɓar baƙuwa.

Babu wuta. Na bar makunnin ɗakina a kunne, na ɗage labule yadda zan riƙa hango jan ƙwan daga inda nake zaune. Na kawo ruwa. Na kawo fura, na dama ta a hankali kamar ban taɓa damu ba. Baƙuwa ta ce za ta gaida tsoho ta kama hanya kafin motoci su yi wuya. Na ce ai Baba na lazimi, a ɗan jira. Na tambaye ta albasar Achida, na tambaye ta ciwon ƙafarta, ni da ba ni da surutu, ranar har labarin haihuwata ta fari na ba ta. In ba a kawo wuta ba, matar nan za ta koma da abin da Yaya ta zuba mata a kunne.

Anka kira magariba, munka yi salla. Ina sallamewa na waiga, sai na ga zaren ƙwan ɗakina ya yi ja, ja mai rauni, irin na rabin wuta. Na yi hamdala a zuci.

An dawo da Baba ɗakinsa, muna jin rediyonsa daga tsakar gida. Yaya ta matso kusa da baƙuwa, ta yi ƙasa da murya yadda kowa zai ji.

"Hajiya, aure amana na. Ni ba ni ɓoye muku komi, ko da jinina ta. In mun shiga a kira yarinya ta kawo ruwa, ke dai ki saurara."

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ki shige gaba, ke ce ɗiyar ɗaki. Ki kunna wa Hajiya fitilar nan taki mai kyau, kada ta taka kwanon Baba. Makunnin na bayan labule."

Ta ji daɗi da anka ce fitilarta. Ta gyara mayafi ta wuce, muna biye, ta yi sallama ta danna.

Ban taɓa jin rediyon ya yi irin kukan ranar ba. Hasken na kakkarwa a bango, ƙaran ya cika ɗakin har maƙwabciya ɗaya ta ja da baya ta take ƙafar ɗayar. Baba ya zabura ya ɗaga sandarsa.

"A'uzu billahi! Ga ta nan ta shigo da su! Wa ya ce a bar ta ta shigo? Ku hid da ita!"

"Baba, ni ta," in ji Yaya. "Ni ta, ɗiyarka."

"Ke?" Ya juya fuskarsa wajen muryar. "Yarinyar ba ta nan?"

"Tana ɗakin girki, Baba," na ce.

"To ashe ke ma? Ko dai tun can ke ta? Ke ka zuwa gidan ga kullum!"

Maƙwabtan nan biyu sun manne da bango, suna kallon Yaya daga sama har ƙasa, irin kallon da anka yi wa ɗiyata a makaranta. Na ga gumi ya tsattsafo wa Yaya a goshi, ta dubi hannuwanta, ta dubi bayanta. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta fid da ita. Na tuna hayaƙin kaskon nan da tarin ɗiyata a ƙarƙashin zane, na bar ta a ciki.

"Sannu, Yaya," na ce a hankali. "Akwai sauran turaren da kinka kawo, in kina so."

Ta ture ni ta fita. Ina tsaye daidai labule, ƙafarta na ƙetare dokin ƙofa na kai yatsa baya na kashe. Ɗakin ya yi duhu, muryar mai labarai ta dawo garau kamar an wanke ta.

"Kun ji ko?" in ji Baba. "Ta hita."

Na ce wuta ce ta yi rauni, na kira ɗiyata ta kawo ruwa da tocila. Ta shigo da kitsonta sabo, ta durƙusa ta gaida baƙuwa, ta miƙa wa kakanta kofi a hannu. Rediyo na ta bayaninsa. Baba ya lalubo kanta ya dafa, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka. Mun ɗauki alhakinki."

Da na raka baƙuwa zaure, maƙwabtan sun riga sun fice, ko sallama ba su tsaya yi ba, kowace na sauri ta riga 'yar uwarta kai labari. Matar ta tsaya tana gyara takalmi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na ga hannunki ga bango."

Na ce, "Ƙwan ne, Hajiya. In kina so mu koma in nuna miki. Ba na son ɗiyata ta shiga gidanku a kan abin da ba a gane ba."

Ta yi dariya har carbinta na kaɗawa. Ta ce a shagon yaronsu ma akwai wani ƙwan da in an kunna shi ba a jin wasan ƙwallo, sai da ya sauya. Tun da hasken ya kama ta gane. Ta ce in gaya wa maigida maza za su zo sa rana, ba sai damina ta kama ba. Sannan ta ce, "Su waɗancan biyun hwa, za ki gaya musu?"

Na ce ai ba su tambaye ni ba.

Washegari da safe na sa ɗiyata ta jiƙa shinkafar waina. Na hau turmi a ɗakin Baba na kwance farin ƙwan, na mayar da tsohon ja mai zare da na adana a cikin kwalla. Na goge farin da gefen zanena har ya yi ƙyalli, na sa mayafi na tafi gidan Yaya. A hanya na wuce mata biyu a bakin famfo, sunka yi shiru da sunka ga inda na nufa.

Na same ta kwance, ba ta ko share ɗaki ba. Ƙwayayen da ɗanta ya aiko duk ta rabar don a yaba mata, tsohon ƙwan ɗakinta kuwa ya ƙone tun kwanaki, wayar na reto ba komai. A ƙarƙashin wayar, a kan kabad, ga ɗan rediyonta da take jin wa'azi da shi bayan magariba.

"Ina kwana, Yaya. Ya jiki? Na ce bai kamata ki zauna cikin duhu ba, ga halin da ake ciki. Baba ya ce a kawo miki kayanki."

Ta juya fuskarta bango. Na jawo kujerarta na taka, na ɗaura ƙwan na murɗa shi sosai yadda ba zai yi saurin kwancewa ba. Babu wuta a lokacin. Na danna makunnin na bar shi a kunne, na matsar da rediyon ya zo daidai ƙarƙashinsa, na ce Allah ya sawwaƙe, na ja mata ƙofa.